Mutum Nawa Aka Kashe A Garinku Bara?

Ranar wata Alhamis da daddare, bayan mun dawo daga ɗakin karatu, gardama ta kaure a ɗakinmu tsakanin abokaina biyu, dukansu kuwa 'yan birni guda ne, unguwa ce kawai ta raba su. Na farko ya rantse cewa garinsu ya lalace, ya ce tun da aka haife shi bai taɓa ganin lokacin da rai ya yi arha kamar yanzu ba, har ta kai in magariba ta yi ba ya yarda ya fid da waya daga aljihu. Na biyu ya kafe cewa abin duk zuzutawa ce, domin shi kullum sai ƙarfe goma sha ɗaya na dare yake komawa gida a ƙasa, ko ƙwarzane ba a taɓa yi masa ba. Da musu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai suka ce in raba su. Ni kuwa tambaya guda na yi musu, na ce, "To, mutum nawa aka kashe a garin naku bara, nawa kuma aka kashe bara waccan?" Sai ɗaki ya yi tsit, aka rasa mai amsawa.

Wannan shiru shi ya sa na ɗauki alƙalami. A ganina abubuwa biyu ne muke cakuɗawa duk lokacin da muke maganar zaman lafiyar birni. Akwai yawan rayukan da ake kashewa, akwai kuma tsoron da ke cikin zukatan mazauna gari. Kowannensu gaskiya ne, kowannensu kuma yana da hakki a kan hukuma, amma sau da yawa ba tafiya ɗaya suke yi ba. Mahukuncin da ya ɗauki ɗaya a madadin ɗayan, to lalle zai tura 'yan sanda inda ake kururuwa, ya bar inda ake jana'iza. Maganar ta shafe mu ƙwarai, 'yan'uwana ɗalibai, domin nan da shekara biyu ko uku da yawa daga cikinmu za su zauna a ma'aikatun gwamnati, su ne za su riƙa rubuta takardun da manya za su sa wa hannu, kuma abin da suka rubuta shi zai nuna inda za a kai motar sintiri da inda za a kafa fitila.

Don in fito da abin da nake nufi, zan ɗauko misali daga biranen ƙasar Amurka. Dalilina kuwa shi ne sun daɗe suna yin abin da mu ba mu yi, watau suna ƙidaya gawa, suna kuma bin mutane suna tambayarsu yadda hankalinsu ya kwanta, saboda haka ana iya ajiye lissafin biyu gefe da gefe a duba. Masana ba su tsayawa ga jimlar waɗanda aka kashe kawai, sukan raba ta bisa yawan jama'a, su ce mutum kaza cikin kowane 100,000 a shekara. In ba haka ba, babban birni kullum zai fi ƙarami muni a ido, alhali kuwa mai yiwuwa ɗan ƙaramin ya fi hatsari ga wanda ke zaune cikinsa.

Mu fara da birnin Niu Yok. A shekarar 1990 an kashe mutum 2,245 a cikinsa, watau kimanin mutum 6 kowace rana ta Allah, ko kuma wajen 30 cikin kowane 100,000. Daga nan abin ya yi ta raguwa, har a 2017 aka ƙidaya 292 kacal, duk da cewa birnin ya ƙaru da mutum wajen miliyan guda. Wannan ragi ya wuce kashi 85 cikin 100. Gaskiya ne kisa ya sake tashi a zamanin annobar korona, kamar yadda ya tashi a duk faɗin ƙasar da kusan kashi 30 cikin 100 a 2020, har Niu Yok ta kai 488 a 2021, amma a 2023 da 2024 ya sauko ƙasa da 400. A ƙasar baki ɗaya ma, lissafin hukuma ya nuna laifuffukan da ake amfani da ƙarfi a cikinsu sun ragu da kusan rabi tsakanin 1993 da 2022.

Mai hankali zai zaci cewa mutanen da suka sami irin wannan sauƙi za su san sun samu, amma ba haka abin ya kasance ba. Akwai wata cibiyar jin ra'ayin jama'a mai suna Gallup, wadda kusan kowace shekara take tambayar Amurkawa ko laifi ya ƙaru a ƙasar bisa bara. Cikin tambayoyi 27 da ta yi daga 1993 zuwa 2023, a guda 23 aƙalla mutum 60 cikin 100 sun amsa cewa ya ƙaru, har da shekarun da yake ta faɗuwa. Wani abin lura kuma shi ne in aka juya tambayar aka ce yaya unguwarku, sai masu cewa ya ƙaru su ragu. Watau mutum ya fi tsoron wurin da yake jin labarinsa bisa wurin da yake takawa da ƙafarsa.

A cikin 2023 wannan cibiya ta jera manyan birane 16, ta tambayi mutanen ƙasar ko suna ganin kowanne lafiya lau ne a zauna ko a ziyarta, ko sun taɓa zuwa ko ba su taɓa ba. Dalas ce ta zo kan gaba, mutum 74 cikin 100 suka ce lafiya lau take. Niu Yok ta sami 41, Shikago ta sami 27. To, mu duba gawa. A wannan shekarar an kashe mutum 246 a Dalas mai jama'a wajen miliyan 1.3, watau kimanin 19 cikin 100,000, alhali Niu Yok ba ta kai 5 ba. Ke nan mazaunin birnin da aka fi yabo ya ninka mazaunin Niu Yok wajen sau huɗu a hatsarin kisa. Shikago kuwa, da ta yi ƙaurin suna a duniya, tana wajen 23 ne, ratar da ke tsakaninta da Dalas ba ta taka kara ta karya ba. Ba na cewa jama'a kullum kuskure suke yi, domin Ditroyit da suka sa a ƙarshe da 26 lalle tana cikin biranen da kisa ya fi yawa. Amma dai a bayyane yake cewa sunan gari daban, halin da yake ciki daban.

Me ya kawo wannan saɓani? Dalili na farko shi ne labari. Tun cikin shekarun 1970 wani malamin jami'ar Fensilbaniya mai suna George Gerbner ya nuna cewa waɗanda suka fi daɗewa gaban talabijin sun fi zaton duniya cike take da mugaye, sun kuma fi kambama yiwuwar a far musu. Ɗan jarida ba ya buga labarin mutum miliyan da suka koma gida lafiya, na mutum ɗayan da bai koma ba shi ake bugawa, kuma birnin da ya fi yawan gidajen jarida shi za a fi jin gawarsa. Yanzu da kowa ke riƙe da waya abin ya daɗa ƙamari, domin hoton kisa guda yakan zaga sau dubu, ya kwanta, ya sake tashi bayan shekara biyu kamar jiya aka yi. Ga kuma siyasa. A can Amurka an sha lura cewa magoya bayan jam'iyyar da ba ta riƙe da mulki su suka fi ganin laifi ya ƙaru, in mulki ya juya kuma sai gani ya juya.

Dalili na biyu shi ne laifi ba ya bazuwa daidai wa daida a cikin gari kamar ruwan sama. Wani masani mai suna David Weisburd da abokan aikinsa sun bi littattafan 'yan sandan birnin Siyatil na shekara 14, daga 1989 zuwa 2002, suka yanka titunan birnin gutsure gutsure, daga wannan mararraba zuwa waccan. Sai suka tarar rabin dukan laifuffukan birnin yana faruwa ne a gutsattsarin da ba su wuce kashi 5 cikin 100 ba. An sake gwadawa a wasu birane aka sami kusan haka. Wannan ya warware mini gardamar abokaina, domin mai yiwuwa ne dukansu biyu gaskiya suka faɗa, kowa yana ba da labarin lungun da yake bi ne, ya ɗauka shi ne gari.

Dalili na uku ya fi sauran zurfi, watau waɗanda suka fi jin tsoro ba su ne aka fi kashewa ba. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da miyagun ƙwayoyi da laifuffuka ya ƙiyasta cewa cikin kowane mutum 10 da aka kashe a duniya a 2021, wajen 8 maza ne, kuma samari sun fi kowa shiga hatsari. Amma in aka yi tambaya, mata da tsofaffi su suka fi cewa suna tsoron fita da dare. Kada wani ya yi gaggawar cewa tsoronsu wauta ce. Macen da ake tsokana a hanya, ake bin ta, ake fizge mata jaka, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da zai shiga lissafin kisa, amma su ne suke cika mata rana. Tsohon da ya daina zuwa sallar asuba a masallaci don gudun 'yan sara, bai shiga lissafin gawa ba, amma da jam'insa ya sayi wannan tsira. Har ila yau ofishin ya nuna cewa fiye da rabin matan da ake kashewa a duniya, miji ne ko saurayi ko ɗan'uwa yake kashe su. Ashe ita mace tana tsoron titi, alhali sau da yawa ajalin yana cikin gida, inda motar sintiri ba ta shiga.

Saboda haka tsoro ciwo ne mai zaman kansa, yana kuma da maganinsa. A tsakiyar shekarun 1970 jihar Niu Jazi ta fid da 'yan sanda daga cikin motoci ta sa su sintiri a ƙasa. Da aka bincika sakamakon a birnin Niwak, sai aka ga laifi bai ragu ba, amma mazauna unguwannin sun fi samun kwanciyar hankali, har suna zaton ya ragu. A kan wannan ne James Wilson da George Kelling suka rubuta maƙalarsu ta 1982, inda suka ce ƙananan alamun lalacewa, kamar tagar da ta fashe aka ƙi gyarawa, ko mashaya a bakin hanya, su ne suke sanar da jama'a cewa babu mai kula, daga nan mutanen kirki su shige gida su bar titi ga ɓata gari. Akwai hikima a cikin maganar, sai dai abin da mahukunta suka yi da ita daga baya ya isa darasi.

A Niu Yok 'yan sanda suka ɗauki tsarin tare mutum a hanya, su yi masa tambayoyi, su lalube shi bisa zargi. A 2011 kaɗai sun yi haka sau 685,724. Kusan 9 cikin kowane 10 da aka tare ba a same su da laifin kome ba, kuma mafi yawansu baƙar fata ne da 'yan asalin Latin Amurka. Masu kare tsarin suka ce in aka daina, jini zai kwarara. A watan Agusta na 2013 wata kotun tarayya ta yanke hukunci cewa yadda ake gudanar da shi ya saɓa wa tsarin mulki. A 2017 tare mutane ya sauko ƙasa da 12,000 a shekara, kisan kai kuwa, wanda yake 515 a 2011, ya sauko zuwa 292. Shekara da shekaru ana wulaƙanta samarin talakawa don hankalin wasu ya kwanta, da aka daina kuma ba a ga jinin da aka yi ta tsoratar da jama'a da shi ba. Abin da ya tona wannan asiri shi ne lissafin da ake bugawa kowa ya gani.

Lissafin ne kuma ya nuna abin da ke aiki. A birnin Filadalfiya masu bincike sun ɗauki ɗaruruwan kangaye da filayen da aka mayar juji, suka yi ƙuri'a, wasu aka share aka shuka ciyawa da itatuwa aka kewaye da ɗan shinge, wasu aka bar su yadda suke. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna harbe-harbe sun ragu da kashi 29 cikin 100 kewaye da filayen da aka gyara a unguwannin matalauta, tsoron fita waje kuma ya ragu da fiye da rabi. A Niu Yok ma, a 2016, an gwada kafa manyan fitilu a wasu gidajen gwamnati na talakawa, manyan laifuffukan dare na waje suka ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku. Ga magani mai araha wanda ya taɓa gawa ya kuma taɓa tsoro, ba a kuwa mari ɗan kowa ba.

To, mu dawo gida. Mu a nan mun daɗe muna yi wa tsoro magani ba tare da mun auna ciwon ba. Bayan yaƙin basasa, gwamnatin soja ta kafa dokar fashi da makami ta 1970, aka riƙa ɗaure 'yan fashi jikin ganga ana harbewa gaban dubban jama'a. An harbe Ishola Oyenusi a bakin teku a Ikko cikin 1971, aka harbe Lawrence Anini a Binin cikin 1987, kowane karo jama'a suka yi ajiyar zuciya, amma fashi bai ƙare ba. A Kano, da ƙwacen waya ya addabi mutane, har ana soka wa mai waya wuƙa, majalisar tsaron jihar ta ba da sanarwa a watan Mayu na 2023 cewa za a riƙa ɗaukar laifin a matsayin fashi da makami. Ban ce matakin ba shi da kyau ba. Tambayata ita ce, da wane ma'auni talakan Kano zai gane ko ya yi amfani? Wanda aka yi wa ƙwace jiya zai ce bai yi ba, wanda ya kwana lafiya zai ce ya yi, mun koma gardamar ɗakinmu ke nan.

A watan Disamba na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fid da rahoton wani bincike da ta yi gida gida kan laifuffuka da yadda jama'a ke ganin tsaro, daga Mayun 2023 zuwa Afrilun 2024. Ya kamata a yaba mata, domin wannan shi ne irin aikin da nake kira a yi. Amma rahoton ya ƙiyasta cewa an kashe mutum 614,937 cikin wata 12. Mai karatu ya ajiye wannan kusa da ƙiyasin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya da na ambata, wanda ya ce kisan kai a duk duniya cikin 2021 ya kama 458,000, ban da waɗanda suka mutu a fagen yaƙi. Ko da an haɗa ta'asar 'yan bindiga da ta Boko Haram, da wuya hankali ya ɗauka cewa ƙasa guda ta zarce duniya. A zatona, kisa abu ne da ba a ƙidaya shi da tambaya, domin a ƙasar da dangi ke da yawa, gawa ɗaya gidaje goma ne za su ce tasu ce, in kuwa aka ninka amsar bisa yawan jama'a sai lissafi ya kumbura. A ɗaya gefen kuma littafin 'yan sanda ya ƙanƙance, domin rahoton da kansa ya nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai na gidajen da 'yan fashi suka shiga suka kai ƙara.

Ba abin mamaki ba ne mu rasa sahihin lissafi. Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ita doka ta ɗora wa rajistar haihuwa da mutuwa, amma mafi yawan mace-macen ƙasar nan ba a yi musu rajista. Mu Musulmi mukan gaggauta sutura, kamar yadda addini ya koyar, wanda aka soka da safe kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Dangi kuma sau da yawa sukan ce sun bar wa Allah, don gudun wahalar zirga-zirga tsakanin ofishin 'yan sanda da kotu. Haka rai zai fita daga duniya da hannun wani, ba a rubuta shi ko'ina ba sai a zuciyar uwarsa.

Inda babu lissafi, jita-jita ce ke sarauta, tsoron da ba shi da linzami kuwa shi ma yana kisa. A watan Oktoba na 2012, a ƙauyen Aluu, mutanen da sata ta ishe su suka kama ɗalibai 4 na jami'ar Fatakwal bisa zargi, suka yi musu dukan kawo wuƙa, suka ƙone su. Ɗalibai ne kamarmu. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, 'yan banga suka tare wata motar da ta ɗauko mafarauta daga Fatakwal za su Kano yin salla, aka ga bindigogin farauta, aka ce masu satar mutane ne, taron jama'a ya kashe 16 daga cikinsu. Mutanen Uromi suna da dalilin jin tsoro, domin satar mutane ta dame su, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya zabura, kuma a wannan karo bayin Allah matafiya ne tsumman. Kada kuma mu yi saurin nuna wa wasu yatsa, domin a garuruwanmu ma mun san abin da ke biyo bayan ihun "ɓarawo" a kasuwa.

Na san wani zai ce, ƙidaya ba ta ta da matacce, kuma gwamnatin da ke son yabo za ta murɗe lissafin. Maganar farko gaskiya ce, amma likita ma ba ya warkar da zazzaɓi da ma'aunin zafi, duk da haka ba ya ba da magani sai ya auna. Ta biyun kuwa ita ce ta sa kisa ya fi kowane laifi dacewa da ƙidaya. Ana iya ɓoye satar waya, ana iya mayar da fashi ya zama sane a takarda, amma gawa tana da suna, tana da unguwa, tana da waɗanda suka yi mata salla. In hanyoyin samun labarin suka zama uku ko huɗu, murɗiya za ta yi wuya.

Saboda haka ga shawarwarina. Na farko, kowace jiha ta riƙa buga yawan waɗanda aka kashe kowane wata, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, da shekarun mamacin, da ko namiji ne ko mace, da makamin, da inda abin ya faru. Ba sai an jira kwamfuta daga Turai ba. Muna da masu unguwanni da dagatai da hakimai, waɗanda ba a yin jana'iza a ƙasarsu ba su sani ba, muna da asibitoci, muna da masu kula da maƙabartu. A ba kowannensu littafi, a riƙa gwada abin da suka rubuta da na 'yan sanda. Na biyu, a riƙa auna tsoro daban, kowace shekara, da tambaya iri ɗaya, a kuma tabbata an shiga gidaje an ji ta bakin mata. Wannan aiki ne da ɗaliban sashen nazarin zamantakewa da na lissafi za su iya ɗauka a matsayin kundin kammala karatu, maimakon juya abin da na gaba suka rubuta, kuma ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai ta fara da unguwannin da ke kewaye da jami'a, inda da yawa daga cikinmu ke haya. Na uku, in lissafi ya fito, a bi shi. A kai fitila da sintirin ƙafa lungunan da jini ke zuba, a share kangayen da suka zama maɓoya, ko da mazauna wurin ba su da ɗan'uwa a gidan gwamnati, a kuma rage samamen da ake kwashe samarin unguwa guda, mai laifi da marar laifi, don a nuna wa 'yan jarida.

Mu ma akwai namu. Kafin ka tura hoton gawa ga mutum ɗari, tambayi kanka yaushe aka yi, a ina aka yi, wa ya tabbatar. Ku kuma yayyenmu da kuka riga mu kama aiki, in aka ce ku rubuta takarda kan tsaro, kada ku tsaya ga cewa abin ya yi kamari ko an samu sauƙi, ku nemi adadi ku sa, in an ce babu ku rubuta cewa babu, domin manya su san a cikin duhu suke yanke shawara.

Abokan nan nawa biyu har yanzu ba su shirya kan maganar ba, kowa na nan kan bakansa. Amma na farkon ya ce in an yi hutu zai je wurin mai unguwarsu ya tambaye shi gawa nawa ta kisa aka yi wa salla a bana, na biyun kuma ya ce zai tambayi ƙannensa mata ko su ma suna iya tafiyar ƙarfe goma sha ɗaya da yake taƙama da ita. Allah ya tsare mana rayukanmu, ya kwantar mana da hankulanmu, amin.